Daga Faifai Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Talla a Ƙasar Hausa da Sauyin da Intanet Ya Kawo, Tare da Misali Daga Orozo

1.0 Gabatarwa

Talla yana daga cikin tsofaffin al'adun ciniki na Bahaushe. A ma'anarsa ta asali, talla shi ne ɗaukar haja a faifai ko ƙwarya ko tire, a bi da ita gida-gida da lungu-lungu ana kiran sunanta domin mai bukata ya ji ya taya. Daga baya ne aka faɗaɗa kalmar har ta ƙunshi sanarwar kaya a jarida da rediyo da talabijin, sa'annan a yau ta ƙunshi hoton da ake ɗorawa a intanet. Maƙasudin wannan takarda shi ne bin sawun wannan tafiya, tare da nuna cewa tallan gargajiya ya haɗa ayyuka uku a wuri guda, watau shelar haja, da kai ta hannun mai saye, da kuma lamuni, wato tabbacin cewa idan an sami aibi akwai wanda za a tuhuma. Kowace sabuwar kafa da ta shigo, wani daga cikin ayyukan nan ta ɗauka ta bar sauran. An ɗauki Orozo, da ke Yankin Babban Birnin Tarayya, a matsayin misali domin a can ana iya ganin tsohon salo da sabo a bakin hanya ɗaya.

2.0 Talla a Gargajiyance

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda aka danganta kafa Kasuwar Kurmi gare shi, ciniki a ƙasar Hausa yake da hanyoyinsa na sanarwa. Sanƙira shi ke yi wa sarki shela a kasuwa da unguwanni. Mahauta suna da kalangu, wanda jin sautinsa kaɗai ya isa mutanen gari su san an yi yanka. 'Yan koli suna shimfiɗa kayansu a ranar kasuwa, masu magani suna tara jama'a da zance da wasa, Fulani mata kuwa suna kewayawa da fura da nono. A duk waɗannan, murya ce jari, kuma kowace haja tana da irin nata kira, wanda ake jan wasalinsa na ƙarshe domin ya tsallake katanga ya isa cikin gida.

Bayan murya akwai lamuni. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a 1824, ya ba da labarin cewa ana rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi da aka sayar a kasuwar birnin. Idan aka kai ƙunshin har Barno aka buɗe aka tarar da aibi, sai a mayar da shi Kano, dillalin ya nemo mai kayan, a tilasta masa ya biya kuɗin mutane. Wannan ya nuna cewa la'adar da dillali ke karɓa ladan tsayawa ce tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba. Irin wannan aiki ne fatoma ke yi wa fatake, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a 1969 game da masu gidajen baƙi na Sabon Ibadan a cinikin shanu da goro.

Inda talla ya fi taka rawa shi ne sana'ar matan kulle. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta kira wannan harka ɓoyayyen ciniki a 1969, domin ta lura cewa hada-hada mai yawa tana gudana a cikin gidaje ba tare da ta leƙa kasuwa ba. Enid Schildkrout kuma, a bincikenta na birnin Kano cikin shekarun 1970, ta nuna cewa yara su ne ƙafafun wannan ciniki. Uwa tana soya ƙosai ko ƙuliƙuli ko ta dafa alala a ɗaka, 'yarta ta ɗora a ka ta fita. Ribar da aka samu akan zuba ta a adashi, daga nan ta zama kayan ɗakin yarinyar. A nan ayyukan uku sun haɗu a jikin yarinya ɗaya: ita ce mai shela, ita ce mai kai kaya, kuma ita ce lamuni, tun da kowa a unguwa ya san gidan da ta fito. Haka ma dillaliya, wadda ke shiga gidaje da zannuwa da kwanoni da sarƙoƙi.

3.0 Zamanin Kanti da Jarida da Rediyo

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka fara jigila sosai a 1912. Da shi ne kamfanonin Turai irin su John Holt da CFAO da G.B. Ollivant, daga baya kuma UAC, suka kakkafa kantuna suna sayen gyaɗa da fatu, suna sayar da atamfa da sabulu da kananzir da gishiri. Waɗannan kayayyaki daga nesa suke zuwa, mai yin su bai san mai sayensu ba, saboda haka sai tambari ya tsaya a matsayin fuskar mai kaya. A 1928 aka kafa West African Publicity, wanda daga baya ya zama Lintas, domin shirya wa irin waɗannan kaya talla. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, ta haka kuma talla ya sami gurbi a rubutun boko na Hausa.

Amma da yake masu karatun boko kaɗan ne, rediyo ne ya fi shiga jama'a. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda muryarsa ta kai har ƙasashen maƙwabta. Masu talla a rediyo ba su ƙirƙiro sabon salo ba. Kirari da karin magana da kiɗa da gajeren wasan kwaikwayo suka ara daga gargajiya. Dokar soja ta 1992 ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe gidajen watsa labarai, har aka buɗe Freedom Radio a Kano a 2003. Kafin nan, a 1988, an kafa hukumar APCON domin sa ido a kan sana'ar talla.

Abin lura a nan shi ne, jarida da rediyo shela kawai suka ɗauka, kuma shelar ta mai kuɗi ce. Mai ƙosai ba ta da abin sayen minti ɗaya a rediyo. Saboda haka tsawon ƙarni na 20 talla iri biyu suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa: na kamfani a iska da takarda, na talaka a kan yarinya.

4.0 Abuja da Garuruwan Gefenta

Doka ta 6 ta watan Fabrairu 1976 ce ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya, aka kuma dawo da fadar gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991. Orozo tsohon mazaunin Gbagyi ne a kan hanyar da ta tashi daga Nyanya ta bi ta Karu da Jikwoyi da Kurudu zuwa Karshi, kuma ɗaya ce daga mazaɓun Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja. Tsadar haya a tsakiyar birni, da rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, sun tura ƙananan ma'aikata da masu sana'a zuwa irin waɗannan garuruwa. Cikinsu akwai Hausawa masu shago da mahauta da masu shayi da 'yan acaɓa, waɗanda da yawansu suka taho da iyalansu.

Matar da ta taso a Kano ko Katsina ta sami kanta a nan, sai ta tarar sharuɗɗan tallan da ta sani sun rushe. Na farko, hukumar kula da muhalli ta Abuja tana hana talla a titunan tsakiyar birni, inda masu kuɗi suke. Na biyu, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai tsaye a Yankin Babban Birnin, ta haramta ɗora wa yaro talla a manyan tituna, dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta sa shi a makaranta. Na uku, maƙwabtanta Gbagyi ne da Ibo da Yarbawa da Tibi da sauransu, waɗanda ba lalle kiran talla da Hausa ya ja hankalinsu ba. Na huɗu, yawancin mazauna garin sammako suke yi zuwa aiki a cikin birni, ba su dawowa sai dare, watau lokacin da mai talla ke yawo gidajen a kulle suke. Duk da haka faifai bai ɓace ba. Wanda ya bi hanyar Karshi zai ga yara da gyaɗa da awara a tasha da bakin kasuwa. Sai dai kasuwarsa ta ƙuntata.

5.0 Shigowar Waya da Intanet

A watan Agusta na 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar hannu a Nijeriya, a lokacin da layukan wayar girke a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Glo ya biyo baya a 2003 da lissafin daƙiƙa, abin da ya sauko da farashi. An ƙirƙiro Facebook a 2004, WhatsApp a 2009, Instagram a 2010, sa'annan kantunan intanet na Jumia da Konga suka buɗe a Legas a 2012. Ga ƙaramin ɗan kasuwa Bahaushe, abin da ya fi tasiri shi ne saƙon murya, wanda ba ya bukatar iya rubutu, da kuma dandalin ɗora hoto na kwana ɗaya da WhatsApp ya fito da shi a 2017. Kullen korona da aka fara a Abuja ranar 30 ga Maris 2020 ya tilasta wa mutane da yawa ciniki ta waya, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuma ya koya wa har mai shayi karɓar kuɗi ta asusun banki.

Sakamakon haka, a karo na farko tun zuwan jarida, shela mai nisan zango ta dawo hannun talaka. Matar aure a Orozo tana iya ɗaukar hoton turaren wuta ko dambun nama ko atamfa daga tsakar ɗakinta, ma'aikaciyar da ke ofis a Garki ta gani ta yi tayi. Hoto ba ya bukatar tafinta, ba ya kuma jiran mai gida ya dawo daga aiki. Haka ɗan kasuwar Kantin Kwari ke nuna yadi a bidiyo, a tura masa kuɗi, ya kai kaya tasha ya ba direban Abuja. Aikin kai haja kuwa ya koma hannun direbobi da 'yan acaɓa, waɗanda ake biyan su lada.

6.0 Riba da Asara

Babbar ribar wannan sauyi ta yarinya ce. Daɗaɗɗiyar hujjar hana ta makaranta ita ce uwa ba ta da wata ƙafa sai ita. Idan waya ta ɗauki shela, ɗan acaɓa ya ɗauki kaya, hujjar ta yi rauni. Sai dai wannan ya tsaya ga haja mai tsada wadda ribarta za ta biya kuɗin data da na aike. Ƙosai da awara ba su kai wannan matsayi ba, don haka 'yar mafi talauci ita ce har yanzu take kan titi.

Babbar asara kuwa ita ce lamuni. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma hoto ba gani ba ne. Akan aiko da yadin da bai kai na hoton ba, ko a karɓi kuɗi a kashe waya, ko mai saye ya nuna shaidar biya ta jabu. Mai sayarwa a intanet suna ne da lamba, waɗanda ake iya sauyawa cikin dare ɗaya. Taurarin fim da na TikTok da ake biya su yabi haja sun gaji aikin maroƙi, amma ba su gaji na dillalin Kurmi ba, domin ba a mayar musu da kaya. Lamarin ya fi muni a tallan magunguna da kayan mata da man sauya launin fata, inda cutarwar ke taɓa lafiya. A 2022 aka maye gurbin APCON da ARCON, aka ba ta ikon tantance tallan intanet, har ta kai kamfanin Meta ƙara a wannan shekara. Amma tantance dubban hotunan da ke ɓacewa bayan kwana ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Shi ya sa masu ciniki da kansu suke komawa ga tsohuwar dabara: zaurukan WhatsApp na 'yan unguwa ɗaya ko Islamiyya ɗaya, inda aka san mijin kowa da gidan kowa.

Har ila yau, wannan sabuwar kasuwa ba ta da Sarkin Kasuwa a kusa. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, kuma ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kimanin awa shida. Mai rumfa a nan ɗan haya ne, mai filin kuwa yana wata nahiya.

Akwai kuma asarar harshe. Kiran talla reshe ne na adabin baka, mai kari da salo da bambancin karin harshe daga Sakkwato zuwa Zariya. Tallan waya kuwa yawanci hoto ne da farashi da 'yan kalmomin Ingilishi, ko Hausar da aka rubuta ba ƙa'ida.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa intanet ya raba ayyukan da 'yar talla ta haɗa: shela ta koma waya, kai haja ya koma babur da mota, lamuni kuwa har yanzu bai sami mazauni ba. Ƙunshin da Clapperton ya gani a Kano a 1824 yana ɗauke da sunan wanda za a kama idan an yi ha'inci, abin da yawancin tallan waya na yau ba shi da shi. Aiki biyu ke nan a gaba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da hukumomi su samar da hanyar da sunan mai sayarwa zai zama abin kamawa. Sassan nazarin harsunan Nijeriya kuma su hanzarta naɗar kiraye-kirayen talla daga bakin tsofaffin da suka yi shi a ƙuruciya, tun suna da rai.