Bokitin ruwan ɗauraya da tarihin tattali a gidajenmu

Kwanan baya a wata hirar ƙofar gida wani saurayi ya ce shi kam ya rasa dalilin da ya sa tsohuwarsa take tara ruwan ɗauraya a bokiti, alhali ga famfo nan tsakar gida. Aka yi dariya aka watse. Mu dai maganar ta tsaya mana a rai, don wannan bokitin ya girmi famfon, kuma akwai abin da ya haife shi.

Mu ɗauki Damagaram. Garin yana zaune bisa dutse, ruwan ƙasa ba ya samuwa da sauƙi. Nasara sun mai da Zinder babban birnin mulkinsu a 1911, amma a 1926 suka kwashe suka koma Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake lissafawa. Nasara suka tafi bakin kogi, mutanen Birni da Zango suka zauna da tafkunansu da rijiyoyinsu. Daga baya aka jawo ruwa daga Gogo da Machaya, aka ƙaro na Aroungouza, sannan na Ganaram, amma duk lokacin da aka ƙaro ruwa sai a tarar garin ya riga ya ƙara faɗi. Shi ya sa har gobe ɗan Zinder ya san darajar bidon, ya san tashin tsakar dare don tarbar famfo in bazara ta yi tsanani.

A irin wannan zama ne mata suka tsara wanki yadda ba a asarar ko kofi guda. Fararen kaya ake fara sawa cikin ruwan sabulu, rigar Juma'ar maigida da zannuwan fita. In an tsame su sai masu launi su shiga cikin ruwan nan dai, sai kayan yara, daga ƙarshe tsummoki da buhunan kicin. Ruwan ɗaurayar farko shi ne zai zama ruwan wankin gaba. Wanda ya yi dauɗar da ba ya ƙara wankuwa a yayyafa shi tsakar gida don ƙura ta kwanta, ko a kai bayan gida. Ko alwala, tsofaffi da yawa gindin dogon yaro ko lemun tsami suke tsugunawa su yi, itacen ya sha. Ba wanda ya rubuta wannan tsari a takarda. Yarinya tana ganin uwarta na yi, ita ma ta ɗauka.

Kuma dole a lissafa, don ruwan saye ake yi. Ga-ruwa ya daɗe a garuruwanmu, tun yana saɓa sanda da garwa biyu a kafaɗa har ya koma tura kura cike da bidon na lita 25. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wanda ba shi da famfo a gida ya fi mai famfo biyan kuɗi a kan kowace lita, tunda sai ya biya ruwan kuma ya biya gumin wanda ya turo. Talaka ne ke sayen ruwa da tsada, don haka a gidansa wannan dabara ta fi kafuwa.

Sabulu ma haka. Kafin na kanti ya wadata, toka ce uwar tsabta. A ƙone karan gero ko na dawa, a zuba tokar cikin ƙwarya ko tukunya mai huda, a ɗiga ruwa a tace. Ruwan tokar nan shi ake sa wa miya, shi kuma ake dafawa da mai ko kitse a yi baƙin sabulu. Da busasshiyar toka da yashi ake goge bayan tukunya. Mutanen karkara sun san ɓawon aduwa da saiwarta suna kumfa, suna fidda dauɗa. Guga kuwa, manyan riguna wurin mabuga ake kai su, a shimfiɗa bisa gungume a yi ta bugu har su yi ƙyalli, ba gawayi ba kuran.

Ranar da wannan tsohon ilimi ya dawo da ƙarfinsa a birane, da yawanmu mun shaida ta. A watan Janairu 1994, zamanin shugaba Mahamane Ousmane, aka karya darajar sefa. Faran ɗin Faransa guda da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100 cikin dare ɗaya. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, ga shi a shekarun nan ma'aikata na yin watanni ba albashi. Sai mai tebur ya koma yanka sandar sabulu gida-gida da zare, omo ya koma ƙullin leda na dala biyar da dala goma. Uwargida ta riƙa tara guntayen sabulun da suka siɗe, ta matse su wuri guda su sake zama dunƙule. Wasu sukan shanya sabon sabulu ya bushe tukuna kafin a taɓa shi, don ɗanye ya fi saurin narkewa. Yaron da ya manta sabulu cikin ruwa a wancan lokaci, to ya san abin da zai ji.

Zancen itace ya fi kowanne tsawo. Farin 1973 da 1974, sannan na 1984, sun ci daji sun ci dabbobi, kuma garuruwa na ta girma suna neman makamashi. Matan ƙauye suka riƙa tafiyar rabin yini neman itace, wasu suka koma kara da kashin shanu, wanda asalinsa takin gona ne. A watan Mayu 1984, lokacin Seyni Kountché, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarun nan ne aka baza murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, wanda maƙera ke yi da tsohon kwano, yana tare iska yana tattara wuta ƙarƙashin tukunya, saɓanin murhun duwatsu uku da mafi yawan zafinsa ke bin iska. A karkarar Maraɗin nan dai manoma, tare da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka fara abin da muke kira sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, a zaɓi masu ƙarfi a gyara su a bar su su girma. Yau ana ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya da kusan hekta miliyan 5. Riba ta farko da uwargida ta gani ita ce reshen da aka sassabe, itacen girki a bakin gonarta.

Gaz bai zama na kowa ba sai bayan da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011. Shekaru da dama farashin hukuma na butalin kilo 6 jika ɗaya da dala ɗari da sittin ne. Duk da haka ku leƙa gidajen da ke da gaz, za ku tarar tuwon gidan yawa da wake har yanzu bisa itace ko gawayi ake dafa su, gaz na shayi ne da ɗumame. Waken ma jiƙa shi ake yi tun dare, ko a jefa masa 'yar kanwa don ya nuna da wuri.

Kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Ruwan toka na cin hannu, hayaƙin kara na cin ido da ƙirji, kuma 'yan mata da yawa sun rasa lakwal saboda layin rijiya. Wahalar tattalin nan a wuyan mata ta sauka, mu maza galibi rigar wankakkiya kawai muke gani.

Amma a watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke kuran bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mun ga amfanin abin da aka gada. A wancan lokaci wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar nan daga can take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Maraɗi da Zinder. Firiji ya zama kabad. Masu sayar da randa da tulu suka ga ciniki, dutsen guga na gawayi ya fito daga ƙarƙashin gado, aka koma shimfiɗa tabarma a tsakar gida. In kuran ya ɗauke injin tura ruwa ma yakan tsaya, sai famfo ya yi shiru. A irin waɗannan ranaku, a gidan su saurayin nan ma, da bokitin tsohuwa aka zagaya bayan gida.