Haɗa Bama da Kirim ɗin Salak a Gida: Kayan Haɗi, Awo da Ajiya

A Shahuci da kewayen Kasuwar Rimi a cikin birnin Kano, mai shayi na shafa bama a burodi, mai sayar da salak kuma na zuba kirim a kan latas da kabeji da dafaffen ƙwai, musamman lokacin azumi. Akasarin wannan haɗi na kwalba ne daga kamfani, alhali kayan haɗinsa na hannun manomi: ƙwai, man gyaɗa, lemun tsami da garin masara. Mai kiwon kaji ko ƙungiyar mata masu kuli-kuli za su iya yinsa da kansu, idan sun kiyaye abu ɗaya: ɗanyen ƙwai da zafin Kano ba sa jituwa.

Bama da kirim

Sunan bama ya samo asali ne daga tambarin BAMA, har ya zama sunan kowane irin mayonis. Asalinsa mai ne da aka buga da gwaiduwar ƙwai da abu mai tsami. A cikin gwaiduwa akwai sinadarin da ke riƙe mai da ruwa su zauna tare, shi ya sa haɗin ke yin kauri. A dokar Amurka, mayonis sai ya kai kashi 65 cikin ɗari na mai.

Kirim ɗin salak ya fi tsami da zaƙi, mansa kuma kaɗan ne. Kamfanin Heinz ya fito da nasa a Ingila a 1914, Kraft kuma ya fito da Miracle Whip a Amurka a 1933, lokacin matsin tattalin arziki, domin ya fi araha. Irin wannan ne ya fi dacewa da mu, don ana dafa shi, kuma ba ya shan mai da yawa.

Kayan haɗi

Gwaiduwar ƙwai 2, garin masara mai laushi ko fulawa cokalin cin abinci 3, ruwa kofi 1, man gyaɗa kofi 1, ruwan lemun tsami ko khal cokali 4, sukari cokali 2, gishiri cokalin shayi 1. In man na gida ne mai ƙarfin ƙamshi, a soya shi da albasa, a tace, a bari ya huce sosai.

Yadda ake yi

1. A dama garin da ruwa da sukari da gishiri da rabin lemun tsamin, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kamar koko mai kauri.
2. A kaɗa gwaiduwar, a zuba mata cokali biyu na kunun mai zafi, a juya, sannan a mayar cikin tukunya. A ci gaba da juyawa har ya fara ɓulɓulowa. Ƙwai yana dahuwa ne a maki 71 na ma'aunin Salshiyos.
3. A sauke, a bari ya huce.
4. A riƙa ɗiga mai kaɗan-kaɗan ana bugawa da maburgi ko bilenda. Kada a ƙara sai wanda aka zuba ya ɓace.
5. A zuba sauran lemun tsamin, a ɗanɗana.

In ya tsinke, mai ya taso sama, gaggawa ce ta yi yawa. A murje gwaiduwar dafaffen ƙwai ɗaya da ɗan ruwa a wani kwano, a riƙa zuba tsinkakken a hankali ana bugawa, zai dawo. Mai son na shafa burodi ko gurasa ya bar shi da kaurinsa. Mai son na salak ya sassauta da kindirmo cokali biyu ko uku.

Ajiya da lafiya

Ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai kawo gudawa da amai da zazzaɓi, kuma ta fi illa ga yara, masu juna biyu da tsofaffi. Don haka kada a yi amfani da ƙwai mai tsaga ko mai kashin kaji a jiki. A zuba haɗin a kwalbar da aka tafasa ta bushe, a sa a firij, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu. A waje kada ya wuce awa biyu; in zafi ya haura maki 32, kamar yadda yake a Kano a watan Afrilu, awa ɗaya ce. Inda wuta ba ta tsayawa, a yi na yini ɗaya kawai, a ajiye a kula mai ƙanƙara.

Ga ƙungiyoyi

Kafin a fara, a lissafa kuɗin mai, domin shi ne ya fi cin jari. A samu masu shayi da masu abinci su faɗi abin da za su iya karɓa kullum, a yi daidai da shi. Ƙungiyar da ke son zubawa a kwalba da tambari ta kai shaguna, sai ta yi rajista da hukumar NAFDAC tukuna.