Daga Ushira Zuwa Harajin Gado: Hannun Hukuma A Dukiyar Mamaci

Yau na ɗan jingine labarin soyayyar da muke ja, saboda wata magana da ta tsaya mini a rai tun ƙarshen 2024, lokacin da aka kai ƙudurorin gyaran haraji gaban majalisar tarayya. A ranakun nan ko ina ka zauna a Illela, daga tasha har kasuwar shanu ta ranar Lahadi, zance ɗaya ne: wai gwamnati za ta fara cin gadon mamaci. A garinmu Tozai wani dattijo ya ce da ni, "Ɗana, ai ushira ce za ta dawo da sabon suna." Samarin da ke wurin ba wanda ya san mece ce ushira, shi ya sa na ga ya dace mu koma baya.

Tun kafin jihadin 1804 sarakunan ƙasar Hausa suna sa hannu a dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa wannan ɗabi'a a littafinsa Kitabul Farƙi, cikin zaluncin da ya ce ya raba mulkin adalci da na son rai. Abin da shari'a ta shimfiɗa kuwa sananne ne: a yi wa mamaci sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura ga magada. Baitulmali yana shigowa ne in babu magajin da zai kwashe dukiyar.

To amma hannun da ya saba da miya da wuya ya haƙura da gaya. A masarautu sai aka wayi gari duk gadon da alƙali ya raba ana cire kashi ɗaya cikin goma, ita ce ushira. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903 ba su kashe ta ba. Da suka kafa baitulmalin En'e, aka yanka wa alƙalai albashi, sai ushirar ta koma shiga asusun hukuma da rasit. Ka duba lissafin: talakan da ya bar shanu goma, saniya guda ta tafi kafin maraya ya taɓa ko igiya. Wannan ne ya koya wa kakanninmu gudun alƙali, su raba abinsu a zaure da malamin unguwa, ko ma su ƙi rabawa, a ce gonar gandu ce, babban wa ya riƙe wa kowa.

Harajin gado na boko ya zo a 1979, ƙarshen mulkin soja na Obasanjo. Naira dubu 100 ta farko ba a taɓa ta, daga nan ake fara yanka, har ya kai kashi 60 cikin ɗari ga manyan masu dukiya. Bai tara abin kirki ba, aka soke shi a 1996 zamanin Abacha. Dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ba ta dawo da shi ba, kamar yadda shugaban kwamitin gyaran, Taiwo Oyedele, ya sha nanatawa lokacin da malamai da 'yan majalisar Arewa suka tayar da jijiyar wuya. Sai dai a lura, in gidan haya ko shago mamaci ya bari, kuɗin da suke kawowa kuɗin shiga ne, kuma dama can doka tana neman haraji a kansu.

Inda hukuma ta fi girgiza mu ma ba wajen kuɗi ba ne, wajen wasiyya ne. Wani Musulmi Bayarabe mazaunin Zariya ya rubuta wasiyya bisa dokar Ingila ta 1837, ya fifita wasu 'ya'yansa a kan babban ɗansa. Ɗan ya kai ƙara. Mai shari'a Muhammadu Bello, mutumin Katsina da daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, ya ce mamacin Musulmi ne mai bin mazhabar Malikiyya, ba shi da ikon yi wa magaji wasiyya ko wuce sulusi. A 1971 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncinsa, ta ce dokar Ingilar ta ba mutum damar ba da dukiyarsa ga wanda ya ga dama. Ita ce shari'ar Adesubokan da Yunusa, wadda har yau ɗaliban lauya suke haddacewa. Kai, ni da nake rubuta littattafai ban taɓa ƙirƙiro rikicin gida da ya kai wannan ba! Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin wasiyya da suka tsame dukiyar Musulmi daga wancan 'yanci, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wasiyyar wani Musulmi a Kwara bisa wannan dalili.

Mu dawo gida. Mu mutanen bakin iyaka muna da tamu matsalar ta daban. Layin da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ya bar Illela a Nijeriya, Birnin Ƙonni a Nijar, alhali dangi ɗaya ne, ana auratayya, ana noma a nan a yi kiwo a can. Mutum zai mutu da gona a wannan ɓangare, shanu a hannun makiyayi a wancan, mata ɗaya a nan ɗaya a can. Alƙalin kotun shari'a na Illela ba ya aika sammaci Ƙonni. Da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, makiyayin da ke son danne amana ya sami uzurin da ya fi kowane.

Gaskiyar da ba mu son faɗa ita ce, tsoron ushira ya bar mana gadon ɓoyo, kuma mata da marayu ne ke biyan kuɗinsa. Ushira ɗaya cikin goma take ɗauka. Wan da ya riƙe gandu shekara ashirin yakan cinye goman duka. Matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, 'ya mace tana da rabin rabon namiji, amma sau nawa ka ga an auna gona an nuna wa mace iyakarta? Sai a ce ai tana gidan miji, a aika mata da damin gero da kaka. Wani uban kuma zai ce ya ba wance fili kyauta, bai damƙa mata ba, bai kira shaidu ba, alhali a Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai an yi hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya.

Gwaggota haka ta faru da ita. Mahaifinta ya nuna mata wata fadama da baki, gaban mutum biyu da duk sun riga ta rasuwa. Ta shekara 31 tana jiran a raba. Ranar da aka zo da igiyar awo, 'ya'yanta ne suka tsaya a madadinta, fadamar kuwa tuni aka sayar wa wani mai noman albasa.