Tsumburbura: Tsafin da Kanawa suka bauta wa a Dala

Kafin Musulunci ya kafu a Kano, mazauna gindin Dutsen Dala suna bauta wa wani tsafi da ake kira Tsumburbura, wanda a bakin jama'a ake ɗaukarsa a matsayin gunkiya mace.

Kusan duk abin da aka sani game da ita ya fito ne daga littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, kuma H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Wato dai labarin Maguzawa ne, amma daga alƙalamin malaman Musulmi, abin da ya sa masana ke yin taka-tsantsan da shi.

Littafin ya ce mazaunin Tsumburbura wata itaciya ce da aka kewaye da katanga. Ba mai shiga sai Barbushe, babban bokan Dala, wanda aka ce daga zuriyar Dala yake. Kwana biyu kacal yake saukowa daga kan dutse a shekara. A ranakun ne jama'a kan taru daga ko'ina da baƙin kare, da baƙar kaza, da baƙin bunsuru. Barbushe kan shiga cikin dare, ya fito ya shaida musu abin da zai auku a shekarar. An ce shi ne ya yi hasashen zuwan wani baƙo da zai mallake su, kafin isowar Bagauda a wajajen shekarar 999.

Tsafin bai gushe da zuwan sarakuna ba. Sai a zamanin Sarki Tsamiya (1307-1343) aka rushe katangar, amma itaciyar ta ci gaba da tsayuwa. A zamanin Yaji, lokacin da Wangarawa suka iso daga Mali, an gina masallaci a ƙarƙashinta, kuma littafin ya ce masu tsohon addini sun riƙa ƙazantar da shi cikin dare. Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ne ya yi zamanin da aka sare ta, aka gina hasumiya a gurbinta.

Daɗewar mutane a Dala kuwa ba almara ba ce. Masu binciken kayan tarihi sun gano maƙerar narka tama a wurin, wadda aka ƙiyasta cewa ta ƙarni na 7 ce. A 2007 Nijeriya ta sanya dutsen, tare da ganuwar Kano, cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su, yayin da zaizayar ƙasa da gidajen da suka matse shi ke ci gaba da cin gefensa.