Mai Buɗe Wasa Ko Mai Rufewa? Tarihin Wata Gardama Daga Filin Besbol 🧵

1/
Jiya a gidan kallo nan Gangara saura ƙiris a ba hammata iska kan wani ɗan wasa da koci ya daina sa shi tun farko, sai saura minti 20 a tashi. Wasu suka ce wulaƙanci ne. Wasu suka ce ai shi ke ƙarasa aiki. Na yi alkawarin kawo muku tarihin wasan da ya fi kowane daɗewa cikin wanga gardama: besbol ɗin Amurka. Ku gyara zama.

2/
Na sani, mafi yawanmu a fim kawai muka taɓa ganinsa. To ga shi a taƙaice. Mutum ɗaya na tsaye a tsakiyar fili yana jefa ƙwallo daga nisan mita 18 da ɗoriya, wani na jira da kulki ya maka mata. Jifan kan wuce gudun kilomita 150 a awa. Wasa zagaye 9 ne, kuma a kowane zagaye sai mai jifa da abokansa sun fitar da mutum uku kafin su huta.

3/
Matsalar ita ce kafaɗa da gwiwar hannu. Kowace ƙungiya a babbar gasar Amurka wasa 162 take bugawa a kaka ɗaya, kusan kullum. Wanda ya yi jifa wajen 100 yau, sai ya huta kwana huɗu. Shi ya sa ake ware mutum biyar suna karɓa-karɓa. (E, irin wadda 'yan siyasarmu ke faɗa a baki. Su can da gaske ake yin ta 😅) Waɗannan su ne masu buɗe wasa.

4/
Sauran masu jifa suna zaune can gefe a wani wuri da sunansa a Turance ke nufin shingen bijimai, suna jiran a kira su in na farko ya gaji. Babbansu shi ne mai rufe wasa: ba ya tashi sai zagaye na 9, in ƙungiyarsa na gaba da ɗan ƙaramin rata.

5/
Mu da muka tashi da dambe da kokawa, tunaninmu daban ne. Yara ke buɗe fili, gwanaye sai can ƙarshe in kiɗa ya yi zafi. Na ƙarshe shi ne babba. A besbol kuwa, shekaru da yawa akasin haka ne: namijin duniya shi ke farawa kuma shi ke ƙarasa abinsa. Shingen bijimai wurin tsofaffi ne da waɗanda suka kasa.

6/
Abin da ya fara juya lamarin lissafin wani ɗan jarida ne. A 1959 wani mai jifa na Pittsburgh, Elroy Face, da ke shigowa daga baya, ya ƙare kaka da nasara 18, faɗuwa 1. Jerome Holtzman na Chicago ya duba ya ga sau da yawa Face ne ke bari a farke, sannan abokansa su sake cin maki, a rubuta masa nasara. Sai ya ƙirƙiro sabon ma'auni: a riƙa ƙirga sau nawa mutum ya tarar da ƙungiya na gaba kuma ya riƙe har ƙarshe. Mu kira shi ceto. A 1969 hukuma ta karɓe shi.

7/
Ko bayan haka, a shekarun 1970 ana kiransu masu kashe gobara ne. Duk inda wuta ta kama, zagaye na 7 ko na 8, a turo su, su yi zagaye biyu ko uku. Mike Marshall na Dodgers a 1974 ya shiga wasa 106, ya jefa zagaye 208. Yau ba kocin da zai yi wannan gangancin.

8/
Sai Dennis Eckersley. Ku riƙe sunan.

Ya fara a Cleveland a 1975 yana ɗan shekara 20, doguwar suma, ga cika baki. Ranar 30 ga Mayu 1977 ya jefa zagaye 9 cur ba wanda ya samu bugu mai kyau a kansa. A 1978 a Boston ya ci wasa 20. Tauraro ne na gaske cikin masu buɗe wasa.

9/
Giya ta cinye shi. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin: ƙarshen 1986 dangi suka ɗauke shi a bidiyo yana cikin maye, washegari suka kunna masa. Ya kalli kansa ya ji kunya, ya tafi gidan gyaran hali a farkon 1987. Kakar da ta gabata a Chicago Cubs ya ci 6 ya faɗi 11. A watan Afrilu aka tura shi Oakland, aka karɓi yara uku da ko babbar gasa ba su taka ba.

10/
Yana da shekara 32. Koci Tony La Russa da mai horar da masu jifa Dave Duncan suka ce masa ba gurbi cikin biyar ɗin farko, ya tafi shinge. A idon kowa a lokacin, an yi masa ritaya ne cikin ladabi. Wasa biyu kacal ya buɗe wa Oakland. Sai mai rufe musu wasa, Jay Howell, ya samu rauni, aka ce Eckersley ya ɗan riƙe.

11/
Nan La Russa ya yi abin da ya canza wasan. Ya ce galibi zagaye ɗaya kawai zai riƙa ba shi, na 9, kuma sai in ana gaba. Wasu daban su share masa hanya a na 7 da na 8. Dabara ce mai ma'ana: mai buɗe wasa dole ya yi tattalin ƙarfinsa, ya mallaki salon jifa uku ko huɗu, domin zai haɗu da kowane mai kulki sau uku kuma za su gane shi. Mai rufewa sau ɗaya za su gan shi. Salo biyu sun ishe shi, ya zuba duk ƙarfinsa cikin jifa 15 ya tafi gida.

12/
1988: ceto 45.
1990: ceto 48, kuma a zagaye 73 maki 5 kawai aka ci ta hannunsa. Mutum huɗu tak ya bari suka wuce kyauta, a kaka guda!
1992: ceto 51, ya haɗa kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa da ta gwarzon ɗan wasa, duka a ɓangarensu na gasar.

13/
Amma kujerar tana da ƙaya. Ranar 15 ga Oktoba 1988, wasan farko na World Series, Oakland na gaba 4 da 3 a zagaye na 9, saura mutum ɗaya a tashi. Dodgers suka turo Kirk Gibson, ƙafafunsa biyu da ciwo, da ƙyar yake takawa. Ya ɗaga ƙwallon Eckersley ta faɗa cikin 'yan kallo. 5 da 4. Mai buɗe wasa in ya yi kuskure a zagaye na 2, akwai sauran lokaci. Mai rufewa in ya yi, sai dai a kashe fitila. Shekara ta zagayo, 1989, shi ya fitar da mutum na ƙarshe Oakland ta ɗauki kofi.

14/
Kowa ya kwaikwayi Oakland. New York Yankees suka gwada wani ɗan masunci daga Panama a matsayin mai buɗewa sau 10 a 1995, abin bai yi armashi ba, suka mai da shi shinge. Mariano Rivera ke nan: ceto 652, ba wanda ya kai shi.

15/
Zuwa nan za ku ce to ai magana ta ƙare, a mai da kowane gwani mai rufewa. Ku dakata. Mu je Atlanta.

Kun san birnin. Gasar Olympics ta 1996, ranar 3 ga Agusta, Emmanuel Amunike ya taso daga benci ya zura wa Ajantina ta uku, Najeriya ta ɗauki zinare. A wannan shekarar, a birnin da ya karɓi gasar, wani John Smoltz na Atlanta Braves ya ci wasa 24, ya jefa zagaye 253, ya ɗauki Cy Young. Babban filin Olympics ɗin ma shi aka gyara ya zama gidan Braves daga 1997 zuwa 2016.

16/
Smoltz mutumin manyan ranaku ne. Tun 1991, a wasa na bakwai na World Series, ya yi kare jini biri jini da Jack Morris na Minnesota, ya fita ba a ci maki ba. A 1995 suka ɗauki kofi shi da Greg Maddux da Tom Glavine.

17/
A 2000 jijiyar gwiwar hannunsa ta gaza. Aka yi masa aikin da ake kira Tommy John, inda ake ciro jijiya daga wani sashe na jiki a maye gurbin wadda ta lalace. Kaka guda bai taɓa ƙwallo a gasa ba. Da ya dawo a 2001 hannun ya ƙi ɗaukar dogon aiki, sai koci Bobby Cox ya kai shi shinge.

18/
Abin da ya biyo baya kamar almara. 2002: ceto 55, tarihi a ɓangarensu na gasar a lokacin. 2003: 45. 2004: 44. In ya taso daga shinge fili kan ɗauki sowa.

Shi kuwa ransa bai kwanta ba. Ya yi ta neman a mai da shi cikin biyar ɗin farko.

19/
Me ya sa mutum zai gudu daga inda ake yi masa tafi? Lissafi. A 1996 zagaye 253 ya ba ƙungiyarsa. A 2002, da duk ceton nan 55, zagaye 80 ne. Wato mafi kyawun hannu a gidan yana yin kashi ɗaya cikin uku na aikin da ya saba. Kuma mai rufewa ba shi da iko da ranar aikinsa: in abokansa ba su shiga gaba ba, haka zai zauna yana kallo har a tashi.

20/
Kuma hakan ya yi ta faruwa. 2002, 2003, 2004, duk shekara Braves su kai wasannin fitar da gwani, duk shekara a kore su a matakin farko: San Francisco, sai Chicago, sai Houston. Mutumin da ya fi kowa a gidan iya irin waɗannan ranaku yana can shinge yana jiran ratar da sau da yawa ba ta zo ba. Kamar ka ajiye babban ɗan kokawarka don karon ƙarshe, a kayar da garinku tun kafin a zo kansa.

21/
Ni a nawa ganin Smoltz ya fi gaskiya. Ma'aunin Holtzman an yi shi ne don a auna aiki, sai ya koma shi ke ba koci umarni. Wuta na iya kamawa a zagaye na 7, amma gwanin na zaune domin ba a rubuta ceto a na 7. Mafi munin misali: 2016, Baltimore da Toronto, wasan da duk wanda ya faɗi ya tafi gida. Zack Britton ya samu damar ceto 47 a kakar, bai zubar da ko ɗaya ba. Koci Buck Showalter ya yi ta ajiyarsa sai sun shiga gaba. Aka cinye su a zagaye na 11, Britton bai jefa ko ɗaya ba.

22/
Sai dai komawa daga shinge zuwa farawa ba wasan yara ba ne. Boston sun gwada da Daniel Bard a 2012, saiti ya ɓace masa gaba ɗaya, sai 2020 ya sake samun gindin zama a babbar gasa. Texas sun gwada da Neftali Feliz a shekarar, ya ƙare a ɗakin tiyata. Ga kuma kuɗi a gefe: manyan kwantiragi na masu buɗewa ne, shi ya sa matasa ke kwaɗayin wurin ko da jikinsu bai yarda ba.

23/
Smoltz ya dawo a 2005 yana shekara 37. Wasan farko na kaka, Florida Marlins suka yi masa ruwan duka, ko zagaye biyu bai kammala ba. Masu cewa "mun faɗa" suka cika gari. Ya share su. Ya ƙare kakar da nasara 14 da zagaye 229. Shekara ta gaba 16, ta gaba 14. Har yau shi kaɗai ne ya haɗa nasara 200 da ceto 150: nasa 213 da 154. Eckersley na da 197 da 390. Dukansu biyu suna zauren gwarzaye na Cooperstown, ɗaya 2004, ɗaya 2015.

24/
Kafin 'yan ɓangarena na gidan kallo su fara murna, ga yadda 2005 ta ƙare.

Braves suka sake haɗuwa da Houston a matakin farko. Smoltz ya samu abin da ya shekara uku yana roƙo: ya buɗe wasa na biyu, ya fuskanci Roger Clemens, ya jefa zagaye 7 aka ci maki 1 kacal. Suka yi nasara. Ita kaɗai suka samu a karon.

25/
Dan Kolb da aka ɗauko daga Milwaukee ya gaji kujerar Smoltz ya kasa tun tsakiyar kaka, aka miƙa ta ga Kyle Farnsworth. Wasa na huɗu, 9 ga Oktoba, Braves na gaba 6 da 1 a zagaye na 8. Lance Berkman ya yi wa Farnsworth bugu ɗaya mai maki huɗu. Zagaye na 9, saura mutum ɗaya a tashi, Brad Ausmus ya farke. Aka yi ta ja har zagaye na 18, kusan awa shida, Chris Burke ya fitar da ƙwallo waje. 7 da 6.

Smoltz na zaune a benci, ba ranar jifansa ba ce.