Tarihin Ɗaukar Keken Tsauni a Mota

Keken tsauni, wato keke mai faffaɗar taya da aka ƙera domin bin hanyoyin daji da gangaren duwatsu, tun farkon fitowarsa tare da mota yake tafiya. Galibin mahayansa mazauna birni ne, wuraren da ake hawansa kuwa suna nesa da gari, sai an ci tafiya mai tsawo kafin a kai gindin dutse. Wannan buƙata ce ta raya sana'ar ƙera kariya, wato marikin ƙarfe da ake ɗaura wa mota domin ɗora keke. Siffar kariyar ta sha sauyawa cikin shekaru kusan sittin, kuma kowane sauyi ya biyo bayan wani canji ne a ƙirar keken ko a ƙirar motar.

Kariya ta girmi keken tsauni. A ƙasar Suwidin, Erik Thulin ya kafa kamfanin Thule a garin Hillerstorp a 1942, inda ya fara da ƙera tarkon kifi. A 1962 kamfanin ya fitar da marikin rufin mota na ɗaukar katakan zamiya a kan ƙanƙara, daga nan ya zarce zuwa sauran kayan da ake ɗorawa a saman mota. A Amurka kuma, Dick Allen, wanda ya yi aiki a shirin Apollo na zuwa duniyar wata, ya soma ƙera kariyar bayan mota a garejinsa da ke jihar Massachusetts a 1967. Ƙirarsa ba ta da wani surƙulle: ƙarfe ne da ke jingina a kan murfin but, madaurai masu ƙugiya suna riƙe shi, hannuwa biyu kuma sun miƙo waje domin a rataye keke ta sandarsa ta sama. Ya kuwa taki sa'a, domin daga 1972 zuwa 1974 kekunan da aka sayar a Amurka sun fi motoci yawa. Sai dai galibin kekunan wancan lokaci na kan kwalta ne, sirara marasa nauyi, masu miƙaƙƙiyar sanda.

Keken tsauni ya samo asali ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, a kewayen dutsen Tamalpais, cikin shekarun 1970. Wasu matasa, ciki har da Charlie Kelly da Gary Fisher da Joe Breeze, suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan kamfanin Schwinn na shekarun 1930 da 1940, suna gyara su domin gangarowa daga tsauni. A ranar 21 ga Oktoban 1976 aka yi tseren farko a gangaren Repack, kusa da garin Fairfax, hanya mai tsawon kilomita uku da ɗoriya wadda ke sauka kimanin mita 400. Birkin waɗannan kekuna a cikin cibiyar tayar baya yake, kuma kafin a kai ƙasa yakan yi zafi har giris ɗinsa ya ƙone yana hayaƙi, sai an kwance shi an sake cusa masa sabo. Kekunan sun fi kilo ashirin nauyi, hawa da su kuwa aiki ne ja. Saboda haka akori-kura ta zama abokiyar tafiya: a jibge kekuna a baya, wani a kan wani, ba mai damuwa da fenti tunda dama tsofaffin ƙarafa ne.

Da keken ya yi daraja, sai jibgewar ta daina karɓuwa. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keken farko da aka tsara musamman domin tsauni, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda aka riƙa ƙerawa da yawa a Japan ana sayarwa a shaguna. Wanda ya zuba ɗaruruwan daloli a keke ba ya yarda a goge masa shi da na wani. Rufin mota ya zama mafita, domin motocin lokacin suna da 'yar kwata ta ƙarfe a gefen rufi wadda ke kwashe ruwan sama, kuma a nan ƙafafun kariya ke kamawa, kusan a kowace irin mota. Kamfanin Yakima, wanda Steve Cole da Don Banducci suka saya a 1979 suka mayar da shi garin Arcata na Kalifoniya, ya yi suna ne da irin wannan kariya ta ɗaukar kwale-kwale da keke.

Hanyar da ta fi yaɗuwa a rufi ta dogara ne da wata dabara ta Tullio Campagnolo, ɗan tseren keke na Italiya, wanda aka san shi da makullin cire taya ba tare da sifana ba. Mai keke zai ɗaga ɗan hannun makullin, ya zare tayar gaba, ya ɗaga keken sama da kansa, ya zura ƙafafun gaban a kan wata sanda da ke jikin kariyar, ya danne makulli, sannan ya ɗaure tayar baya da madauri. Tayar da aka cire kuma a jefa ta but. Keken yakan tsaya daram, kuma haka motocin da ke bin 'yan tseren Tour de France suka daɗe suna jera kekunan ko-ta-kwana a samansu.

Daga shekarun 1980 masu ƙera motoci suka soma soke kwatar rufi domin rage turjiyar iska da shan mai, kamar yadda aka gani a Audi 100 ta 1982. Dole masu kariya suka koma ƙera maƙalai na daban ga kowane samfurin mota, masu kama bakin ƙofa. A shekarun 1990 kuma dogayen motoci ƙirar jif suka cika hanyoyin Amurka, ɗaga keke zuwa rufinsu ya zama sai mai tsayi da ƙarfi. Ga kuma haɗarin mantuwa, inda direba kan shiga gareji da keke a tsaye a sama. Batun mai ma ba ƙarami ba ne. Wani bincike da Alan Meier da Yuche Chen suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa kariyar rufi ta janyo ƙarin shan mai na kusan galan miliyan 100 a Amurka a shekarar 2015, kuma wani kaso mai yawa na wannan asara daga kariyar da ake yawo da ita ba kaya ne.

Kariyar bayan but ta ci gaba da kasuwa saboda arha da sauƙin cirewa, kuma samfurin Bones na kamfanin Saris, wanda ya fito a 1996, ya shahara ƙwarai. Amma keken da kansa ya yi ta nisa da ita. Kamfanin RockShox ya kawo shokozoba a ƙafafun gaba a 1989, ba da jimawa ba aka sa wata a baya, gangar jikin keken ta lanƙwashe, miƙaƙƙiyar sandar da ake ratayawa ta ɓace ko ta karkace. Daga baya aka yawaita ƙera gangar jiki da zaren kabon, wanda ke da ƙarfi wajen hawa amma yana iya tsagewa idan aka matse shi da maƙali. Kekunan da aka rataye kuma sukan yi lilo suna gogar juna, wani lokaci ma taya ta sauko daidai bakin salansa zafi ya lalata ta.

Dabarar cire tayar gaba ita ma ta gamu da cikas. An maye gurbin siririn makullin Campagnolo da kakkaurar sanda mai ratsa cibiyar taya, mai kaurin milimita 20 ko 15, a 2015 kuma aka ƙara faɗin cibiyar gaba zuwa milimita 110. Kowane ma'auni yana buƙatar nasa mahaɗi. Birkin faifai mai aiki da mai ya ƙara wata matsala: in aka cire taya sannan hannu ya taɓa birki bisa kuskure, ɓangarorin da ke matse faifan sukan haɗe, sai an ɓamɓare su kafin taya ta koma. Tayoyi ma sun girma daga inci 26 zuwa 27.5 da 29.

Amsar da ta rinjaya tun daga shekarun 2000 ita ce kariya mai dandamali, wadda ke hawa kan maƙalin jan tirela a bayan mota. Keke yana tsayawa ne a kan tayoyinsa cikin wasu kwaroro biyu, ƙugiya ta danne tayar gaba, babu abin da ke taɓa gangar jiki. Ba a ɗaga shi sama da ƙugu, kuma yawancin irin waɗannan kariyoyi suna kwantawa baya domin a buɗe but. A Arewacin Amurka maƙalin rami ne mai kusurwa huɗu, na inci 1.25 ko inci 2. A Turai kuwa dunƙulen ƙarfe ne mai faɗin milimita 50, kuma doka ta wajabta wa kariyar da ta rufe bayan mota ta ɗauki nata fitilu da lambar mota. Italiya na buƙatar allo mai ratsin ja da fari a kan kayan da suka zarce tsawon mota.

Masu gangarowa daga tsauni a ƙungiya sun bi tasu hanya. Wasu suna shimfiɗa katifa a kan ƙofar bayan akori-kura su jera kekuna, tayar gaba tana lilo a waje. A yankin Vancouver ta Arewa a Kanada aka yaɗa kariyar da ke rataye kekuna huɗu zuwa shida a tsaye. Keken lantarki, mai nauyin kilo 20 zuwa 25 saɓanin 12 zuwa 16 na wanda ba shi da batir, ya ƙara kawar da mutane daga rufi, har ana haɗa wa wasu kariyoyin ɗan gangare na turo keke.

Duk waɗannan hanyoyi suna nan a kasuwa, kuma zaɓi tsakaninsu yana bin ƙididdiga ne. Kowace mota tana da iyakar nauyin da rufinta da maƙalinta ke ɗauka, wanda a ƙananan motoci kan kama daga kilo 50 zuwa 100, kuma nauyin kariyar kanta yana cikin lissafin. Rufi ya dace da gajeriyar mota da keke mara nauyi. Kariyar but ta fi arha, amma ta fi dacewa da keke mai miƙaƙƙiyar sanda da tafiya ta jefi-jefi. Mai dandamali ta fi tsada, tana kuma buƙatar a sa wa mota maƙali, sai dai ita ce ke karɓar kusan kowace ƙirar keke ta yau. Mai keke ɗaya da mota mai kujerun baya masu naɗewa kuwa yakan sa shi ciki, inda yake tsira daga ruwa da ƙura da ɓarayi.