Sandunan madubin hangen nesa: wane irin bututu ya kamata a zaɓa?

Mai ƙera madubin hangen nesa da hannunsa yakan kashe watanni wajen goge babban madubi, amma sandunan da ke riƙe da shi na iya ɓata aikin duka. Idan suka lanƙwashe ko da kaɗan ne, babban madubi da ƙarami sun daina fuskantar juna daidai, sai taurari su fito dishi-dishi.

Asalin tsarin

A 1935 injiniya Mark Serrurier ya tsara firam na sanduna domin babban madubin Hale na dutsen Palomar a Kalifoniya, mai faɗin mita 5. Daga baya masu son kallon sama suka haɗa dabarar da samfurin John Dobson, wanda ya yaɗu daga San Faransisko. A maimakon dogon bututu guda mai nauyi, sanduna takwas ne ke haɗa akwatin babban madubi da zoben sama, an jera su bibbiyu a siffar alwatika. Ana kwance su a ɗauka a mota.

Alminiyam

Shi ne zaɓin mafi yawan maƙera, musamman nau'in 6061-T6. Ba ya tsatsa, zarton ƙarfe na yanka shi, kuma nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe. Rauninsa zafi da sanyi: kowace mita tana miƙewa ko takurewa da kusan milimita 0,023 a digiri ɗaya. Sanda mai mita 1,5 za ta ragu da rabin milimita idan zafi ya sauka da digiri 15, abin da ba baƙo ba ne a daren hunturu a Sahel. Sai a riƙa sake saita gani lokaci zuwa lokaci.

Baƙin ƙarfe

Ya fi alminiyam tauri sau uku, ya kuma fi shi nauyi kusan sau uku, don haka idan nauyinsu ɗaya ne taurinsu kusan ɗaya ne. Tiyon ƙarfe maras kauri da ake zura wayar lantarki a ciki yana da araha. Sai dai nauyinsa yana rinjayar da na'urar ta sama, dole a ƙara kaya a gindi.

Zaren kabon

Ya fi alminiyam rashin nauyi, kuma kusan ba ya motsi da zafi. Yana da tsada, yana tsagewa idan aka matse shi da yawa, ƙurarsa kuma tana da illa ga huhu lokacin yanka.

Katako da roba

Busasshen katako miƙaƙƙe yana wadatar da ƙaramar na'ura, amma laimar damina na iya karkatar da shi. Tiyon PVC na masu aikin famfo kuwa a guje shi: taurinsa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na alminiyam ba, rana kuma tana sa shi laushi.

Faɗi ya fi kauri

Abin da ya fi nau'in ƙarfe muhimmanci shi ne faɗin bututun. Idan aka ninka kaurin bangonsa, juriyarsa ga lanƙwasa tana ninkawa sau biyu, nauyi ma haka. Idan kuwa faɗin aka ninka, juriyar tana ƙaruwa kusan sau takwas, nauyi kuma sau biyu kawai. Shi ya sa ake son bututu mai faɗi da siririn bango, kimanin milimita 1,2 zuwa 1,5. Sau da yawa ana amfani da mai faɗin milimita 25 ga madubin santimita 30, mai 32 ga na santimita 40 zuwa 45, mai 38 ga na santimita 50 zuwa sama.

A yanka sandunan takwas tsawo ɗaya, a kula da mahaɗansu, domin mahaɗi mai sako-sako ya fi raunin bututu kawo girgiza. A ƙarshe a lulluɓe su da baƙin ƙyalle, ya tare hasken gari da ƙura.